Yinin Da Mufida Ta Bi Motar Dangoma

Laraba, 9 ga Oktoba, da hantsi

Na buɗe wannan littafi ne domin in ajiye al'amarin nan kamar yadda ya faru, tun bakunan mutane ba su sauya masa kama ba. Shekara talatin da huɗu na yi ina koyarwa, goma sha ɗaya daga cikinsu ina hedimasta, kuma ban taɓa yanke wa yaro hukunci ba sai na rubuta abin da aka ce ya yi da abin da shi ya ce ya yi.

Ga yadda abin yake. Mufida jikata ce, ɗiyar ɗana Abdulhakeem, shekarunta ashirin. A hannunmu ta tashi, ni da maiɗakina Hajiya Delu, a nan gidanmu na Gwandu. Tana shekara ta biyu a wata kwaleji mai zaman kanta ta koyon jinya da aikin ungozoma a Kalgo. Ni na kai ta. Ubanta bai so ba, ya ce hanya ta yi nisa ga ɗiya mace. Na ce masa ya bar mini, duk abin da ya biyo baya ni zan amsa. Ya yarda bisa sharaɗin ba za ta kwana a waje ba. Saboda haka kullum takan fita bayan Asuba, ta shiga mota biyu, ta dawo gab da Magariba. Wata goma sha huɗu ke nan ba fashi.

Jiya Talata suna da jarrabawar aiki da hannu, wadda ba a ɗaga wa kowa. Ba ta shiga ba. Ta dawo gida ana kiran Magariba, kuma ba da farin yunifom ɗin da ta fita da shi ba. Baƙin zanen saƙi ne a jikinta, da riga irin ta matan ruga. Kafin gari ya waye, wani ɗan kabu-kabu na unguwarmu mai suna Muzzammil ya riga ya faɗa a majalisa cewa ya gan ta da safe a tashar Kalgo tana shiga gaban wata bas, kusa da direba, tana dariya.

Abin da aka ɗora a kan wannan magana ba zan rubuta shi ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba, bayan La'asar

Na kira ta zaure, na sa Hajiya ta zauna shaida. Ga bayaninta.

Ta ce ta sauka a tashar Kalgo kamar kullum, tana hango rufin kwalejin, sai ƙafarta ta ƙi tafiya. A gefe akwai wata bas da matan ruga suka cika da ƙore da ƙullin kaya, su wajen tara, suna ta raha. Wata tsohuwa a cikinsu ta dube ta ta ce, “Ke mai fararen kaya, tsayuwar mi kike yi? Za ki?” Ta ce, “Ina za ku?” Tsohuwar ta ce, “Rakiya.” Ita kuwa ta ce za ta. Baya ya cika, shi ya sa aka ba ta gaba.

Sai a hanya ta fahimci rakiyar. Wata yarinya ce mai cikin fari za su kai gidan iyayenta goyon ciki, a wata ruga bayan Dangoma. Suna tafe suna waƙa, ana miƙo mata fura ta baya. Ta ce rabonta da dariya irin wannan ta manta. Da suka wuce Dangoma suka bar kwalta, ta waiwaya ta ga yarinyar ta cije gefen mayafi, gumi na zuba, ba ta ce uffan ba. Tun a tasha naƙuda ta kama ta, kunya ta hana ta faɗa. Mufida ta sa direba ya tsaya gindin wata tsamiya, matan suka kewaye da zannuwa. Abin da ya biyo baya aikin mata ne, ba na littafina ba. Iyaka dai ta ce jaririyar ta zo ba ta kuka, kuma ta yi mata abin da aka koya musu har ta yi.

Daga nan suka ƙarasa ruga. Yunifom ɗin ya ɓaci, suka karɓa za su wanke, suka ba ta nasu. Ta yini a can har ta tabbata mai jego ta samu kanta, sannan direban ya fito da ita bakin hanya.

Na ce, “Madalla. Sunan tsohuwar?”

Ta ce, “Inna nake ce mata, Kaka.”

“Mai haihuwar fa?”

“Ba wanda ya ambaci sunanta. Ɗiyar fari ce ga uwarta. Wagga yarinya suke cewa.”

“Direban? Rugar?”

Ta sunkuyar da kai. Su ma, in ji ta, ba su tambayi nata ba. Likita suka yi ta kiranta.

Hoto babu. Wayar da na saya mata ba ta ɗaukar hoto, kuma ni na zaɓi hakan.

Ban tambaye ta abin da ya hana ƙafarta tafiya ba.

Juma'a, 11 ga Oktoba, bayan saukowa daga masallaci

Mutum huɗu suka yi mini sannu da haƙuri. Ba ni da mara lafiya, ba a yi mini rasuwa ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba, da rana

Abdulhakeem ya zo daga shagonsa. Bai zauna kan tabarma ba sai da na ce masa sau biyu.

Ya ce, “Baba, na ji labarin. Tsamiya, da tsohuwa marar suna, da ruga marar suna. Ko yaro na aika ya zo mini da wannan, ba ni karɓa.”

Na ce, “Ɗiyarka ce.”

Ya ce, “Shi ya sa. Ni nike zama kasuwa, Baba, ni ake kallo. Karatun ga ya ƙare.”

Na tuna masa cewa a gabana ba a yanke hukunci sai an yi bincike. Ya ce don girmana zai jira zuwa ƙarshen wata. In na kawo masa mutum ɗaya mai rai da ya shaida labarin, shi ke nan. In ban kawo ba, ko kwaleji ta yafe mata shi bai yafe ba, za ta zauna gida.

Na karɓa. Ya tashi ya koma shagonsa.

Litinin, 14 ga Oktoba, da hantsi

Takarda ta zo daga kwalejin. An dakatar da Mufida saboda ƙin shiga jarrabawa, da ɓatar da yunifom, da kuma “rahoton rashin ɗa'a da ya iso ofis”. Kwamitin ladabtarwa zai zauna ranar Alhamis, 31 ga wata. Hukuncin da ke gaba shi ne kora.

Takardar tana da kurakuran rubutu uku. Na gyara su da jan biro kafin in tuna ba a ba ni ita don haka ba.

Laraba, 16 ga Oktoba, bayan Magariba

Na je tashar Kalgo da kaina, na sa babbar rigata ta zuwa taro. Na bi hanyar da yarinyar nan ke bi kullum. Ban san haka take da tsawo ba. Gwiwoyina har yanzu suna ba ni labari.

Na samu shugabannin tasha, na gabatar da kaina, na bayyana buƙatata dalla-dalla. Suka karrama ni, suka ba ni benci. Suka ce motocin da matan ruga ke ɗauka shata ba a lodinsu a layi, ba su da rajistarsu. Wani ya ce farar bas ce? Na ce fara ce. Ya nuna mini fili, na ƙirga farare goma sha bakwai.

Alhamis, 17 ga Oktoba, da safe

Mufida tana tashi da Asuba kamar mai zuwa makaranta, ta yi wanka, ta zauna bakin gado da littafi. Shafin ba ya juyawa.

Ban tambaye ta ba.

Asabar, 19 ga Oktoba, bayan Isha'i kaɗan

Dangoma. Na isa kafin Azahar, na yi salla da jama'a, bayan an sallame na nemi izinin liman na yi magana. Na ce ina neman gidan da aka yi haihuwa a kan hanya ranar Talatar makon jiya. Dattawa suka dubi juna. Suka ce a cikin gari dai ba su ji ba, kuma rugage a bayan gari sun fi goma, wasu sun soma matsawa tunda an fara girbi.

Na bi hanyar da ta bar kwalta da ƙafa, gwargwadon ƙarfina. Tsamiya na ƙirga shida. A wajen ta huɗu na haɗu da wani saurayi Bafillace yana kora jaki biyu, an labta musu itace har ba a ganin kunnuwansu. Na yi masa sallama, ya durƙusa har ƙasa, yaro mai tarbiyya. Na tambaye shi sunansa, ya ce Ɗalha. Na ce, “Ɗalha, ko ka ji labarin wata yarinya da ta haihu a mota, a wajen nan, kwana goma sha ɗaya da suka wuce?”

Ya dubi ƙasa. Ya dubi jakinsa. Ya ce, “Baffa, ban jiya ba.”

Na sake tambaya da wasu kalmomin, don ko bai fahimta ba. Ya ja rawaninsa ya rufe baki, ya ce shi bai san zancen ba, ya nemi izini ya wuce da sauri.

Mutumin da ke yawo a wannan hanya kullum bai ji ba.

Na dawo. Ban ci tuwo ba.

Lahadi, 20 ga Oktoba, da hantsi

Saura kwana goma sha ɗaya.

Lahadi, bayan La'asar

A shekarun aikina yara da yawa sun kawo mini labarai masu kyawun tsari. Wannan kawai na rubuta, ba na nufin kome da shi.

Litinin, 21 ga Oktoba, da safe

Mufida ta kawo mini ruwan alwala. Na karɓa ban dubi fuskarta ba. Ta tsaya kaɗan, sannan ta tafi.

Allah Ya gafarta mini.

Talata, 22 ga Oktoba, bayan Azahar

Hajiya ta gaji da shiruna. Ta zo ta zauna bakin ƙofar ɗakina da tiren zogale tana tsinka, ta ce in ba ta labarin Dangoma tun daga farko, kada in tsallake kome. Na ba ta. Da na zo kan liman da dattawa ta ɗago kai.

“Malam, maza ka tambaya?”

Na ce su ne shugabannin gari.

“Zancen haihuwa? Cikin masallaci?” Ta girgiza kai. “Ci gaba.”

Da na zo kan saurayin nan ta ajiye tiren.

“Itace nawa?”

Na ce jaki biyu.

“Ɗanye ko busasshe? Manya ko ƙirare?”

Na ce manyan gumagumai ne busassu, kuma ban ga abin da wannan ya shafi maganarmu ba.

“Kasuwa ya nufa ko daji?”

Na yi tunani. Daji ya nufa. Garin yana bayansa.

Sai matar nan, wadda muka yi shekara arba'in da shida tare, ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Ta ce, “Wa ka kai itace daji in ba mai jego garai ba? Itacen wankan jego ne, Malam! Angon ƙarnin ka tare! Ka tsai da Bafillace tsakiyar hanya kana tambayarsa haihuwar ɗiyarsa ta fari, mi kake so ya ce maka? Ko alƙali ya tambaye shi, bai jiya ba!”

Na ce ai da sai ya yi mini ishara.

Ta ce, “Ya yi. Ya rufe baki ya gudu. Wace ishara ta fi wannan?”

Ni da na koyar da al'adun Hausa da na Fulani a aji shida shekara da shekaru. Na ce gobe zan koma. Ta ce in zauna inda nake, na yi iyakar ɓarnar da zan yi. Ta yafa mayafi ta fita wajen masu tallar nono da ke zama gindin bishiyar bedi kusa da kasuwa.

Na ci tuwo, na nemi ƙari.

Alhamis, 24 ga Oktoba, da yamma

Saƙon Hajiya ya tafi daga ƙwarya zuwa ƙwarya. Ba ta ba su takarda ba, ba ta ba su lambar waya ba. Cewa ta yi su tambaya mata wace ruga ce bayan Dangoma ake dafa ruwan wanka safe da yamma, kuma aka haifi ɗiyar a hanya.

Na ce mata wannan ba tsari ba ne. Ta ce nawa tsarin me ya kawo?

Juma'a, 25 ga Oktoba, bayan La'asar

Wata mai nono ta shigo har tsakar gida. Ta ce ƙanwar mijinta da ke kai nono Kalgo ta ce akwai wata tsohuwa da ta zo kasuwar can sau biyu da kwano a rufe, tana bin mutane tana tambayar “Likita mai fararen kaya”. An nuna mata asibiti, ta shiga ta dudduba fuskoki ta fito, ta ce ba ita.

Mufida tana bakin murhu. Ludayin ya faɗi daga hannunta.

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na ɗan lokaci. Akwai abin da ya faɗa mini a ido.

Asabar, 26 ga Oktoba

Shiru. Saura biyar.

Lahadi, 27 ga Oktoba, bayan Magariba

Alhamdu lillahi. Zan rubuta wannan a tsanake, domin ina so ya zauna daidai.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe ina zaure sai na ji hon. Farar bas ce ta shigo lungunmu, wanda ko amalanke da ƙyar yake shiga. A gabanta akwai babur yana nuna hanya, kuma mai babur ɗin Muzzammil ne. Saƙon Hajiya ne ya isa rugar har da sunana, a tasha suka tambayi gidan Malam Basharu hedimasta, shi aka haɗa su da shi, bai san ko su wane ne ba sai da suka iso. Mata goma sha ɗaya suka sauko da ƙore a kai. Unguwa ta fito kaf, har waɗanda suka yi mini sannu da haƙuri.

Tsohuwar tana gaba. Sunanta Inna Madina, yanzu na sani, na kuma rubuta. Gajera ce, ba ta kai kafaɗata ba. Ko gaisuwa ba ta tsaya mun gama ba, ta ce, “Ina Likita?” Mufida ta fito. Tsohuwar ta kama fuskarta da hannu biyu, ta juya ga sauran ta ce, “Ita ce!” Suka ɗauki guɗa a ƙofar gidana. Ban hana ba.

Sannan ta hau ta da faɗa. “Ke wace irin ɗiya ce? Ki kama muna haihuwa ki tafi ba ki bar suna ba? Ranar suna munka rasa yadda za mu yi. Mun so mu mai da sunanki, ba wanda ya sani. Liman ya ce ba a raɗa wa ɗiya Likita. Dole munka sa Khadija!”

Mufida ta ce, “Inna, ai ba ku tambaya ba.”

“A tambayi baƙo sunansa kamar ɓarawo?”

Ta buɗe ƙulli ta fito da yunifom, an wanke shi fes, an naɗe, yana ƙamshin hayaƙi. Sannan ta sauke kwanon. Soyayyen nama ne a cikin man shanu. Ta ce rabon ungozoma ne na ragon suna. A wajensu wadda ta yanke cibi ita ke da shi, ba mai taɓa shi sai ita, kuma kwana goma sha biyu ke nan tana tsaron kwanon nan daga jikokinta. “Ko Kalgo sau biyu na kai shi. Karɓi abinki in huta.”

Na aika a kira Abdulhakeem. Ya zo ya tsaya a bakin zaure. Na ce masa, “Mutum ɗaya ka nema. Ga goma sha ɗaya, ga direba na sha biyu, sunansa Sani. Zaɓi wanda za ka tambaya.”

Bai tambayi kowa ba, domin Inna Madina ba ta ba shi dama ba. Da ta ji shi ne uban, ta matso ta ba shi labarin tun daga tasha, har da abin da ni na tsallake a littafin nan. Ta nuna da hannunta yadda jaririyar ta zo shiru, da yadda Mufida ta kwantar da ita a cinya tana murza mata baya tana cewa, “Yi kuka mana, yi kuka.” Ta ce su duk sun riga sun fara salati. Sani direba ya ce shi yana can nesa ya juya baya, da ya ji kukan sai da ya zauna a ƙasa.

Abdulhakeem ya cire hularsa ya mayar. Ya sake cirewa.

Mufida ta ɗauki kwanon, ta ci tsoka ɗaya kamar yadda Inna ta tilasta, sannan ta je ta durƙusa gaban ubanta ta miƙa masa. Ya daɗe yana kallon kwanon. Ya ɗauka ya ci.

Ɗalha yana cikin motar, a kujerar baya, ya ƙi fitowa. Na je da kaina na leƙa ta taga. Na ce, “Ɗalha, har yanzu ba ka ji ba?” Ya rufe fuska da rawani, kafaɗunsa na rawa don dariya. Na ce Allah Ya raya abin da bai ji ba. Ya ce amin, a hankali.

Muzzammil kuwa, da na waiwaya, babu shi babu babur.

Litinin, 28 ga Oktoba, da safe

Mutum biyu daga cikin huɗun nan sun zo gaishe ni. Sun ce su dama ba su yarda ba. Na ba su wurin zama.

Alhamis, 31 ga Oktoba, bayan La'asar

Kwamiti ya zauna ƙarfe goma. Mutum biyar ne, shugabar kwalejin a tsakiya, mace mai tabarau wadda ba ta da wasa. Na shirya jawabi shafi uku. Ban karanta ko layi ɗaya ba.

Inna Madina ta zo da mata uku. Ta kwance wata leda, ta kwance wata a cikinta, ta fito da katin rigakafin jaririyar. Mufida ce ta sa suka yi alkawarin kai ta asibiti washegari, suka kuwa kai. Ranar haihuwa na rubuce, 8 ga Oktoba, an kuma rubuta cewa a hanya aka haife ta. Shugabar ta duba katin gaba da baya, ta miƙa wa na kusa da ita. Ta yi wa Mufida tambayoyi na aikinsu, ɗaya bayan ɗaya, kusan minti ashirin: me ta fara yi, da me ta ɗaure, me ta duba a jikin uwar. Ban fahimci rabinsu ba. Na dai ga wata malama a gefe tana gyaɗa kai.

Sannan shugabar ta ce, “Kin san ɗaliba ba ta da izinin karɓar haihuwa ba tare da malama ba?”

Kafin Mufida ta buɗe baki Inna ta ce, “Hajiya, gindin tsamiya ina za mu samo malama? Ko mu ce ma ɗiyar ta koma ta jira?”

Wani a kwamitin ya yi tari mai kama da dariya. Shugabar ba ta yi ba. Ta ce taimakon da aka yi a hanya ba laifi ba ne, kuma an yi shi daidai. Rahoton rashin ɗa'a an soke shi, za a cire shi daga fayil. Amma yarinyar ba don ta karɓi haihuwa ta shiga motar ba, gudun makaranta ta yi, kuma wannan laifi ne. Za a ba ta takardar gargaɗi, za ta sake jarrabawar tare da waɗanda suka faɗi. Ta koma aji ranar Litinin.

Hukunci ne na adalci. Da ni ne a kujerar, haka zan yanke.

Da muka fito na tarar da Abdulhakeem a jikin tagar ofishin. Ban gayyace shi ba. Rufe shago ya yi ya biyo mu. Ya ce wa ɗiyarsa, “Litinin ƙarfe nawa?” Ta ce takwas. Ya ce shi zai kai ta tasha.

Asabar, 2 ga Nuwamba, da hantsi

Yau na tambayi Mufida abin da ya hana ƙafarta tafiya ranar nan.

Ta ce in zo in gani. Ta kai ni ɗakinta ta nuna mini bayan ƙofa. Jadawali ne, da rubutun hannuna, na ja layukansa da rula a makon da ta fara kwaleji. Na manta da shi. Ita ba ta manta ba, bin sa take yi. Na sa tabarau na karanta. Daga Asuba zuwa barci kowane gida a cike: mota, aji, mota, wanki, bita, hadda, bita. Asabar bitar mako. Lahadi shirin mako.

Ta ce, “Kaka, wata goma sha huɗu ina neman gida ɗaya da ba ka rubuta kome a ciki ba. Ranar nan da na ji matan nan suna dariya, na rasa yaushe na yi tawa.”

Na ce don me ba ta faɗa mini ba?

Ta ce, “Kai ka tsaya mini gaban Baba. In ce maka na gaji?”

Na ce ta kawo mini rula da sabuwar takarda. Ta ce, “Tsoho, wani za ka sake ja?” Na ce ta kawo dai, ta kuma zauna, wannan karon ita za ta faɗa ni in rubuta.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, bayan Azahar

Na kira taron gida bayan La'asar. Ga abin da zan karanta musu, na kwafe shi nan don ya zauna.

Bayan sallama. Ina sanar da iyalina cewa al'amarin Mufida ya ƙare, kwaleji ta yanke hukuncinta, ubanta ya yanke nasa, ba a buƙatar na kowa kuma. Wanda aka tare shi da zancen a waje, ya ce a zo a same ni.

Daga wannan mako, ranar Asabar daga Azahar zuwa Magariba ta Mufida ce. Ba aike, ba wanki, ba bita. In za ta fita za ta faɗi inda za ta, in kuma ta shiga motar mutane, ina roƙonta da girman Allah ta tambayi sunan ko da mutum ɗaya.

Inna Madina ta gayyace mu rugarsu ranar da mai jego za ta cika arba'in, Lahadi 17 ga wata. Na karɓa da sunan gidan nan duka. Sani zai zo da mota ƙarfe bakwai. Abdulhakeem zai rufe shago. Hajiya ce shugabar tafiya, ita za ta yi magana da mutanen, ni an umarce ni in gaisa kawai in yi shiru, kuma na amince. Wanda duk ya haɗu da wani saurayi mai suna Ɗalha a can, kada ya yi masa barka, kada ya tambaye shi kome.

Ina neman haɗin kan kowa da kowa, babba da yaro, a kan waɗannan abubuwa. Wanda yake da ƙorafi ya kawo mini shi kafin Juma'a, a rubuce.